Dodon Japan da Ginin Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ƙanina Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya kuma raba ka da sanyin nan da kake kuka da shi duk lokacin da muka gaisa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Maman yara ta samu sauƙin ciwon bayanta, har ta koma ɗinki, keken yana ƙara tun safe har yamma a daidai inda nake son yin karatu. Yaya tana nan yadda ka san ta, takan zo duba Baba ta ƙare da duba mu, ta lissafa mana abin da muka yi ba daidai ba, ta yafa mayafinta ta tafi. Ni kuwa ina nan ina koyar da tarihi ga yaran da suke ganin duk abin da ya faru kafin wayar hannu tatsuniya ce. Baba yana cin abinci, yana shan maganinsa. Sauran labarinsa shi ne dalilin takardar, amma bari in biyo ta hanyar da abin ya biyo. Kada ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Na lura kana da wata dabara a waya, da na ɗauko magana mai nauyi sai layi ya lalace daga ɓangarenka. A ofishin malamai nake rubutawa, jarrabawar yara na jibge a gabana ban taɓa ba, kuma na tashi na zagaya teburin nan har mai shara ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Ka tuna ka matsa mini in kalli fim ɗin nan na Japan, na dodon da ke fitowa daga teku, ka ce tunda ni mai karance-karance ne kana son jin ra'ayina. To, na kalla, a babbar talabijin ɗin da ka aiko wa Baba, wadda ta cinye rabin bangon falo. Ra'ayina shi ne, a duk fim ɗin dodon ne kaɗai ya san aikin da ya kawo shi. Manyan gari suna shiga taro suna fitowa su shiga wani, ana ta nuna taswira da sanda, sojoji suna harbi kamar masu jifan dutse da gyaɗa, shi kuwa yana tafiyarsa a natse kamar maigida ya dawo daga kasuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban ga alamar ya tsani kowa ba. Wucewa kawai yake yi, ƙafarsa ce ta yi girma. Na ma shirya jawabi mai kyau a kan yadda mutanen da suka ga garuruwansu sun ƙone a yaƙi suke mayar da tsoronsu ya zama dabba don su iya kallonsa ido da ido. Na gyara murya zan fara, sai Maman yara ta ce ita abin da ya dame ta shi ne wa zai share wannan ɓarnar. Yaya kuma ta ce ita haushin wata mata take ji, wadda gari ke rushewa a bayanta amma ta tsaya jan akwati. Haka jawabina ya mutu a cikina, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Baba ne ya ƙwace fim ɗin daga hannunmu gaba ɗaya. Ka san yadda ya koma tun da ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu, ka kafa dokar cewa ya gama da wurin gini har abada. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka da cokalin gini a hannu ya zama ɗan zaman kujera, kome aka ce masa sai ya ce to. Ko an canja masa tasha, to. Ko shayi ya huce, to. Ranar ma gyangyaɗi yake yi, har zuwa lokacin da bene na farko ya zube. Sai muka ji ya ce a mayar baya. Na mayar. Ya ce a sake. Ya matso bakin kujera ya dogara da sandarsa, ya ce wannan ginin ba dodo ne ya kayar da shi ba, wutsiya ce kawai ta shafe shi, dama can neman dalilin faɗuwa yake. Ya tambaye mu ina rodi, wai gini mai rodi lanƙwasa yake yi ya rataye, ba ya warwatsewa kamar biskit. Ya ce mu dubi ƙurar, fara fat, alamar yashi ya fi siminti yawa kuma ba a ba ginin ruwa ba. Daga nan ya shiga yi wa ɗan kwangilar Japan addu'ar da ba zan rubuta ba, saboda yaranka na iya ɗaukar takardar.

Na yi ƙoƙarin in fahimtar da shi cewa ƙananan gidaje ne aka ƙera don wasan, tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, dodon ma mutum ne a cikin rigar roba. Ya yi mini irin kallon da ya yi mini ina yaro, ranar da na ɗauki kwanon sarki na zubar da kwaɓi a kan ƙafarsa. Ya ce littafi ya gama da ni, wane mai hankali ne zai gina gari guda don a tattake. Ya ƙara da cewa in ma gaskiyata ce, to abin kunyar ya fi yawa, gini a ce mutum ɗaya cikin riga ya ture shi. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma a raina wani abu daban nake ji, domin rabon da in ji Baba ya yi wa wani musu har na manta.

Washegari aka fara. Da sandarsa yake bin bangon gidan yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne, ya girgiza kai. Ɗakin karatuna ya ce ko akuya ta jingina zai tafi. Katangar maƙwabcinmu mai gyaran babur ya yanke mata hukunci, mutumin ya fito yana ba shi haƙuri kamar shi ya gina ta. Muna ta raha da abin, har ranar da ya ajiye kofin shayi ya tambaye ni wa ke ba ginin Auta ruwa. Ashe ya ji Yaya tana faɗin an zuba dakin, wato rufin kankare na sama, a gidan da kake ginawa a nan garin. Ya ce sabon siminti kamar jariri yake, safe da yamma sai an shayar da shi har ya ƙoshi, in aka bar shi da ƙishi zai yi kyau a ido ya ruɓe a ciki. Ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma shi ya ga gemun mutanen Japan da idonsa. Na kira ɗan kwangilarka, ya rantse ana ba shi. Ban tsaya nan ba, na je da kaina bayan an tashi makaranta, na ga ginin jiƙe, tiyo na kwance yana ɗiga. A iya sanina aikin ba shi da aibu, kada ka ɗaga hankalinka ta wannan gefen. Na dawo na gaya wa Baba, ya ce ni ina zan bambanta ginin da aka shayar da wanda aka tofa wa yawu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni zama. Wata safiya bayan na fita, Maman yara tana kan keke, Baba ya sa hularsa ya fice, ya tari mota shi kaɗai har bakin ginin. Maigadin da aka ɗauka sabo ne, bai san shi ba. Da ya ga tsoho da sanda sai ya ce masa yau ba a ɗaukar lebura, ya je Allah Ya ba da sa'a. Baba ya ce shi ne mahaifin mai gidan. Sai maigadin ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce ai kuwa in shi ne, to shi ɗin ne musamman aka ce kada a bari ya shiga. Ban ga laifin yaron ba, abin da aka gaya masa ya faɗa, kuma a bakinsa na ji labarin, yana ta roƙona in nema masa gafara. Ya ce Baba bai yi faɗa ba. Ya zagaya ne ya tsaya a jikin kwanon da aka kewaye wurin da shi, ya sa ido ta wata kafa yana leƙen gidan ɗansa, ya daɗe a tsaye a rana, sannan ya tafi. Da ya dawo gida sai ya sa an sauko masa da tsohuwar jakarsa daga kan kwaba, ya goge cokalin ginin ya shafa masa mai, ya warware igiyar awonsa ya sake naɗewa. Shekaranjiya kuma, kamar hira, ya tambaye ni ko na lura da tsayin shingen ta baya, wajen da aka jibge bulo.

Ka gane abin da nake tsoro. Dokar da ka kafa don kada ya hau tsani ita ce za ta sa ya hau tulin bulo da ƙugun da aka ɗora, a wurin da ba mai ganinsa. Yaya ta ce a ɓoye masa takalma, na ce mata mutumin da ya yi shekaru yana taka yashi mai zafi ba takalmi ba zai ji wannan ba. Maman yara ta daina ɗinki da ƙofa a rufe. Ni ina cikin aji ina bayanin faɗuwar dauloli, kunnena na kan wayar da ke aljihu.

Auta, na san ba don ƙi ka yi ba. Kai ne ka kwana a asibiti a gefensa, kai ka ji ƙarar da ya yi lokacin da ake juya shi, kuma na san riga-kafi ya fi magani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma kai kana nesa, abin da kake gani a waya tsoho ne mai tsabta a kan kujera yana ce maka to. Mu da muke ɗakin mun san wannan to ɗin ba lafiya ba ce. Mun yi ta tsare masa ƙashi har muka kusa rasa mutumin. Abin dariya ne a ce sai da ƙadangaren roba ya taso daga teku kafin Babanmu ya farka, amma ya farka ɗin, kuma ban yarda in zauna ina kallo ya koma ba.

Ga abin da nake roƙo. A ajiye masa kujera a ƙasa, a inuwa, ba tsani, ba hawa sama, ni zan kai shi in dawo da shi, in tsaya a kansa kamar ɗan sanda. A ba shi tiyo ya shayar da bulon ƙasa, ya zagi leburori iya son ransa, na riga na yi magana da ɗan kwangila ya ce sun saba. Ranar Asabar da safe zan kai shi, ka yarda ko ba ka yarda ba, gara in gaya maka gaskiya tun yanzu. Sai dai in ni na buɗe masa ƙofar, shiga ce ta sata, kuma zai sani. Kai aka ce ka rufe, kai ya kamata ka buɗe. Ka kira shi kafin ranar. Kuma don Allah kada ka ce masa ka ba shi izini, ba a ba uba izini. Ka ce hankalinka bai kwanta da aikin ba, ba ka da wanda ka yarda da idonsa sai shi. Ba ƙarya ka yi ba, ai duk mai gini daga nesa hankalinsa ba a kwance yake ba.

Ka gaishe mini da Amarya, wadda har yau ba mu sauke mata sunan ba duk da 'ya'ya uku, ka ce Maman yara na tambayar awon yaran. Ka shafa mini kan Sarkin Kuka da Likita, da 'yar autarka mai haƙora biyu. Yaya tana gaishe ku, ta ce a gaya maka ka rame a hoto. Gwaggo da Kawu suna sa muku albarka. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ci gaba da goge cokalinsa, ya ce ai ka san lambarsa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka Malam