Rasuwar Lurwanu Dawuda, Ɗan Bayanmu

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Ɗaliban Hausawan Makka ke sanar da iyayenmu, malamanmu da ɗaukacin jama'a cewa ta sami labarin rasuwar ɗan wasanta, Malam Lurwanu, ɗan Alhaji Dawuda Mai Turare na unguwar Shisha da Hajiya Saudatu, wanda Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata a wani asibiti a Jidda, bayan doguwar jinyar ciwon daji na fata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu yana ɗalibi, ya bar iyaye da ƙanensa Wada, wanda tun ba a share makoki ba ya aiko mana yana neman gurbin yayansa.

Marigayin na cikin waɗanda suka tsince duwatsun filinmu na unguwar Kudai da hannu. Shi ke ɗinke ƙwallo idan ta fashe, shi ke shiga tsakani idan rai ya ɓaci, kuma duk da rana na kashe masa ido, ɗan gaban da ya wuce shi sai ya yi da gaske.

Lurwanu zabiya ne, haka ma Wada, kuma kowa ya san fatarsu ba ta jure rana. Al'adarmu ce duk jajibirin babban wasa mu yi Umra tare, mu aske kai ƙwal, sannan mu shiga fili ba hula don neman albarka. Filin kuwa ba ya samuwa sai bayan azahar, sa'ad da direbobin da ke lodi a cikinsa suka tafi ƙailula, wato barcin rana. Hajiya ta ɗinka masa hula mai rufe kunne da ƙeya, muka ce ta saɓa wa tsarin ƙungiya, muka riƙa kiransa amarya har ya cire ta. Da gyambo ya fito masa a bayan kunne ya ƙi warkewa, wanzami muka kai shi, muka ci gaba da sa shi wasa. Likita ya shaida wa Alhaji cewa rana ce ta ci fatar shekara da shekaru. Ajali na Allah ne, amma babu malamin da ya ce mana zama ba hula bayan Umra ibada ce, mu muka ƙirƙiro abinmu, kuma muna jin kunya matuƙa.

Saboda haka ƙungiya ta soke wannan al'ada, ta kuma mayar da atisaye bayan la'asar, ko da sai mun nemi wani fili. Game da Wada, mun sanar da shi jiya a gaban mahaifinsa cewa ba za mu karɓe shi ba, ko da hula ko babu, don kada rana ta ci fatarsa shi ma. Ya yi kuka, ya ce mun ci amanar yayansa, ya fita bai yi mana sallama ba. Mun yarda ya riƙe mu a zuci har ya yi furfura.

Muna roƙon Allah Ya gafarta wa Lurwanu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Baba Alhaji da Inna Hajiya haƙuri da juriya, kuma idan zuciyarsu ta iya, su yafe mana.

Malam Idris Tsoho Kudai,
Kakakin Ƙungiya,
Makka, Safar 1377 Hijiriyya.