Kaka Ta Fara Kiran Sunanka

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Azare sai godiya.

Baffa, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, a waya kuma bakina ba zai iya ba. Kaka ta fara kiran sunanka na yanka, wanda kunyar ɗan fari ta hana ta furtawa tun haihuwarka. Da la'asar ina gefenta da littafina na soyayya, sai ta kalli ƙofar zaure ta kira a hankali. Ranar farko na yi shiru, ta yi ta kira har ta yi kuka. Tun daga nan ni nake cewa, "Na'am." Sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Likita ya ce hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarta sun tsuke, jini ba ya isa sosai, mantuwar kuma tana iya ƙaruwa. Ni ta riga ta manta ni. Baba ya ce kada a tayar maka da hankali. Amma jiya ta kalli ƙofa, ta buɗe baki, sunan bai zo ba.

Ka zo ka amsa da kanka, Baffa. Ka sa ta a addu'a, ka gaida kowa. Na so in yaga takardar nan, amma gobe maƙwabcinmu zai taho Fatakwal, zan ba shi.

'Yarka,
Hafsatu