Motar da Ta Ƙi Yin Hayaƙi

Daga unguwar Nuzla, Jidda

Yaya Zinariya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, kada ku damu.

Sai dai motar kafilina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, wadda nake tuƙawa, mai haɗa fetur da batir, ta faɗi gwajin hayaƙi na hukuma sau uku. Da an tsayar da ita sai injin ya mutu ta koma batir, na'urarsu ta rasa hayaƙin aunawa. Na yi bayani har na gaji. Kafili ya ce ni na lalata ta, in ta sake faɗuwa ranar Lahadi, halas, shi ke nan, zai soke iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar.

Lafiyarta ƙalau, Yaya, babu abin da zan gyara.

Allah ya ba Inna lafiya. Kada ki gaya mata tukuna. Ki dai sa a share ɗakina.

Ƙaninki,
Badaru