Ruwan Randa a Kwalbar Tawada

Zuwa ga Yaya Sadisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Damagaram, kai da mutanen da kake zaune a wajensu. Mu ma nan Gumel lafiya lau, sai gajiya.

Yaya, ni ce na zuba ruwan randa a kwalbar tawada. Wata takwas ke nan ban faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Ka tuna lokacin da ka kawo firinta daga Kano, ka ajiye ta a shagon hoton Baba? Ka ce tawadar kala tana sa hoton baƙi da fari ya yi kore-kore, shi ya sa ka wanke gidajen tawadar huɗu ka cika su da baƙi hawa-hawa. Na farko tsantsa, sauran ukun ka sirka su da ruwan batir, kana awo da sirinji, kowanne ya fi na bayansa haske. Ni na raɗa musu suna: gawayi, toka, hayaƙi, ruwan shinkafa. Ka yi ta dariya, amma ka rubuta sunayen a jikin kwalaben. Kullum kana cewa, "Ruwan batir kawai, Hadiza. Wanda ke za ki iya sha, injin nan ba ya iya sha."

Na ji, wallahi na ji.

To, akwai wani malamin firamare daga Sule Tankarkar da ya zo hoton fasfo. Ko kallona bai yi ba. Amma a littattafan soyayyar da nake aro, yarinya ba ta rasa hoton wanda take so. Ranar da ka tafi kasuwar Maigatari, Baba kuma ya tafi jana'iza, sai na buɗe kwamfuta na buga fuskarsa babba. Ta yi duhu. Ni so nake ta fito da laushi kamar ta bangon littafi. Na sake, na kuma sakewa, ina ƙara tawada, har kwalbar ruwan shinkafa ta ƙare. Na tashi haɗa wata don kar ka gane, sai na tarar babu ruwan batir. Na ɗebo na randa, na tace da gefen mayafina. Na ce a raina ai garau yake.

Bayan kwana biyu Madam Rifkatu ta sakatariyar Gagarawa ta kawo hoton marigayin mijinta, shi kaɗai take da shi, tana so a ƙara masa girma don addu'ar da za a yi a coci. Fuskar ta fito da fararen layuka kamar an ja tsintsiya a kai. Kan firinta ya toshe. Sau biyu tana hawo acaɓa tana komawa hannu banza. A na ukun ta karɓi ɗan hotonta ta ce ba komai. Da ma zagi ta yi.

Baba ya faɗa maka a gaban mai shayi da masu faci cewa ba ka iya riƙe sana'a ba, wasan yara ka kwaso masa daga Kano. Ina bayan labule. Na ga ka ɗaga kwalbar a hasken ƙofa, ka ga abin da ya kwanta a gindinta, ka dube ni sau ɗaya. Sai ka tsiyaye ta a kwata ka ce, "Ni na yi kuskuren awo." Da mako ya zagayo ka tafi.

Yanzu firinta na lulluɓe da tsohon zanen Inna. Baba ya koma ɗakin duhu da maganin wankin hoto, yana fitowa yana tari, idonsa jawur. Ba ya ambaton sunanka. Amma duk motar Maigatari da ta tsaya a tasha, sai ya ɗago kai.

Malamin kuwa ya yi aure da Sallah. Baba ne ya ɗauki hotunan bikin, ni na jera su a ambulan.

Na gaji, Yaya. Littattafan ma na daina karɓowa. 'Yan matan cikinsu shafi ɗaya suke kuka a yafe musu, ni kuwa kullum sai na zuba wa Baba abinci ina kallon ƙasa.

Allah ya tsare ka inda kake, ya buɗa maka, ya sanyaya zuciyarka a kaina ko da ba yanzu ba.

Wannan ce ta uku da na rubuta, biyu sun shiga murhu. Da niyyata in ba Malam Idi direba ranar kasuwa ya kai maka. Amma kai ai ka sani tun ranar. Wanda bai sani ba Baba ne. Idan ya dawo daga La'asar zan miƙa masa, in tsaya a wajen har ya gama karantawa. In ta iso gare ka, to daga hannunsa ta fito.

Ƙanwarka,
Hadiza