Ƙwaryar Nono a Kujerar Baya

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Ɗanladi mai hatsi,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, ina rubuto maka ne daga Fatakwal, inda har yau nake tuƙa motar wani.

Maganar farar motarka ce. Da aka zo rabon gado, Yaya Sani ya kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna a sikeli. Na ce a riƙe rabona na gonar fadama, a bar min ita. Yanzu duk Zakirai ana cewa kudu ta cinye min hankali. Su faɗa.

Ban zaɓa ido rufe ba, Baba. Sai da na gwada ta yadda kake yi. Ka tuna? Ka cika ƙwarya da nono, ka ajiye a kujerar baya ba faifai, ka hau burjin nan mai gargada har bakin kwalta. Kakan ce, "Motar da ta zubar da nono, za ta zubar da mutuncin baƙo."

Gaskiya zan faɗa maka. Sitiyarinta ya yi wasa. Sai ka murɗa kusan taƙi guda kafin taya ta ji labari. A kwana tana kwanciya kamar kwale-kwalen garin nan. Mai kuwa, ba sha take ba, kwankwaɗa take. A nan Yaya Sani bai yi ƙarya ba.

Amma da ta miƙe hanya, wallahi ramin da ke karya min ƙugu a motocin zamani, ita haɗiye shi take, ta yi lilo sau ɗaya ta wuce. Ba ta fizgar hannu, ba ta gardama. Kujerar fatar nan har yanzu da shatin zamanka, da ɗan ƙamshin turarenka na ranar kasuwar Dawanau.

Nonon ya zuba. Kaɗan ne, amma ya zuba.

Da na dawo gida na tarar Inna tana shan koko, hannunta na rawa, rabin ludayin a zaninta. Na tsaya ina kallonta, tsumman goge kujera a hannuna. Ban ji wanda ya ce a kira mata mai sikeli ba.

Don haka motar tana nan ƙarƙashin darbejiyarka, a lulluɓe. Ba mai sa mata wuƙa ina numfashi. In na dawo zan kai ta a ɗaure sitiyarin, in sa Inna a baya, mu zo maka ziyara a hankali.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa tafiyarka ta fi wannan laushi. Amin.

Ɗanka mai taurin kai irin naka,
Habu