Fatar Jar Akuya da Addar Yakubu

Zuwa ga mahaifina, Malam Ishaya,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Bayan gaisuwa, a ƙa'ida sai in tambayi lafiyarka da ta mutanen gida. To lafiyarka dai a gabana aka yi mata abin da aka yi, mutanen gida kuwa a hannuna ka bar su. Saboda haka zan tafi kai tsaye. Maganar Yakubu ce ta zaunar da ni rubutun nan. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta ɗanka ya rantse sai ya kashe mutum, ka kuwa san Yakubu ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Masu karantawa a shafina su yi mini haƙuri, yau ba da su nake ba. Amma tunda za su leƙa, bari in faɗa musu ko wane ne kai a gabanka, ko da yake na san da kana nan da ka ce in rufe baki.

Kiɗa da waƙa ka koyar a sakandare nan Dutse har furfura ta cim maka, kai ne kuma jagoran mawaƙan cocinmu tun kafin a haife ni. Ɗalibanka Malam Sake suke kiranka a bayan ido, don ba a taɓa rera baiti a gabanka ka bari ya wuce ba ka ce a sake ba. In mawaƙa suka ɗaga murya fiye da kima sai ka toshe kunne ɗaya ka ce, “A hankali, jama'a. Allah ba kurma ba ne.” Mu 'ya'yanka ma ba mu tsira ba. Ko kuka nake yi ina yarinya, sai ka tsaya ka saurara ka ce na kauce daga murya.

Gidanmu na Yalwawa kuwa ban taɓa sanin adadin mutanensa ba. Ka je tasha raka baƙo, ka dawo da wani wanda mota ta tafi ta bari. Mama ta kalli tukunya, ta kalle ka, kai kuma ka kama fito kamar ba kai ba. Haka ɗan Baffa Arɗo, dattijon makiyayin nan abokinka na wajen Miga, ya zauna a ɗakin Yakubu har ya gama makaranta. Kai ne kake buga masa ƙofa da asuba kada sallah ta wuce shi.

Abu ɗaya ne ba ka yarda wani ya taɓa maka ba, gangunan coci. Duk shekara bayan kaka, kafin Kirsimeti, da hannunka kake sake musu fata. Ka jiƙa, ka kankare gashi, ka ɗaure, tsakar gida ta yi ta wari, Mama ta yi ta mita. Ba ka sayen fatar bunsuru, ka ce kauri gare ta, ba ta da murya. Sai ta akuya, ɗanya, daga hannun mahauci, kuma sai ta ƙauye. Yakubu ne mai kaɗa gangar, amma ko shi ba ya ɗaura mata fata.

Ranar da muka je kasuwar ƙauyen nan ta wajen Miga ni ka goya a babur, don Mama ta aike ni sayen man shanu. Muka tarar da Baffa Arɗo a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, kuka tsaya gaisuwa kamar ba za ku gama ba. Daga nan muka wuce rumfar mahauta. Ka zaɓi wata fata ja mai farin tabo a gadon baya, ka biya, sannan ka yi abin da ka saba yi. Ka fito fili, ka kama ta da hannu biyu ka ɗaga ta sama saitin rana, don ka ga ko wuƙa ta huda ta a wani wuri.

Baba, duk kasuwa ta ga fatar nan.

Ba mu sani ba, ashe a lokacin ɓarayi sun addabi ƙauyukan wajen, suna kwance dabbobi su yanka a daji. Mutane a cike suke. Wani manomi, Sale sunansa, ya hango farin tabon daga nesa, ya ɗora hannu a ka ya ƙwala ihu: “Akuyata! Wallahi fatar akuyata ce! Ɓarawo!” Na juya in kira mahaucin ya yi bayani, ashe ya sulale ta bayan rumfa.

Dariya ka fara yi. Wannan dariyar ce take hana ni sukuni har yau. Ka sauke fatar kana cewa, “Haba ɗan'uwa, tsaya mana,” kamar ɗalibi ne ya yi kuskure. Icen farko a ƙeya ya same ka, tabarau ɗinka ya faɗi aka take shi. Ka ɗaga hannu ka kare kanka, suka bi hannun. Na ji ƙarar yatsunka da kunnena, yatsun da suke taɓa piyano duk Lahadi. Ka durƙusa, aka shure ka, ka kife. Wani ya ɗauko dutsen murhun mai suya ya sauke maka a ƙirji. Akwai waɗanda suka bar cinikinsu suka zo suka yi duka, sannan suka tambayi na kusa da su me ka sata.

Ni ina ta ihu cewa malami ne, ubana ne, saya ya yi. Wani ya mare ni har na ga wuta. Wata mai ƙosai, wadda har yau ban san sunanta ba, ta fizge ni ta danne ni a ƙasa, ta lulluɓe ni da hijabinta tana cewa, “Yi shiru 'yar nan, za su haɗa da ke.” Ta ƙarƙashin hijabin na ga sun cinna wa babur ɗinka wuta. Na ga wani yana garo taya, wani yana riƙe da galan ɗin fetur.

Baffa Arɗo ne ya hana su ƙona ka. Tsohon nan ya ratsa su da sandarsa ya kwanta a kanka, yana cewa, “Ku ji tsoron Allah! Na san shi, ɗana a gidansa ya tashi! Sai dai ku ƙona mu tare!” Sai da suka fasa masa goshi, jini ya wanke masa gemu, sannan suka ja da baya.

A motar hatsi aka ɗauko mu. Kanka yana kan cinyata, numfashinka yana ƙara irin ta tukunya a kan wuta. Mutanen coci suna yawan tambayata kalmarka ta ƙarshe, na san suna so in ce ka yafe, ko ka yi addu'a. Ba ka ce komai ba, Baba. Na kara kunne a bakinka, jini kawai ya zubo mini a wuya. Tun kafin mu hango duwatsun Dutse ka tafi.

Ranar jana'iza mawaƙanka sun tsaya a layi sun kasa farawa, don ba wanda zai ba su murya. Maƙwabtanmu Musulmi sun cika tabarmi har bakin titi, su ne ma suka riƙa dafo mana abinci. Kowa ya yi kuka, ban da Yakubu.

Shi dai da muka dawo sai ya shiga bayan gida ya ɗauko addar da kake sare reshen darbejiya da ita, ya zauna a kan dutse ya fara wasa ta. Kullum da safe kafin ya tafi garejin da yake gyaran Keke Napep, sai mun ji wannan ƙarar. Ya daina zuwa coci, ganga kuwa ko kallonta ba ya yi. Duk ranar kasuwar ƙauyen nan sai ya rufe aiki ya tafi neman Sale. An kama wasu daga cikin masu dukan, magana tana gaban shari'a, amma Sale ya ɓace. Fasto ya zo ya zauna da shi ya yi masa nasiha mai tsawo. Ɗanka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Fasto, kai ka yafe. Ba ubanka ba ne.”

Mama ta rame, ta koma kamar ba ita ba. Ba mutuwarka ce kaɗai take cin ta ba, jira take yi a zo a ce mata ɗanta ya yi kisa.

Daga baya gaskiya ta fito, kuma fitowarta ba ta sanyaya wa kowa rai ba. Akuyar ta Sale ce, bai yi ƙarya ba. Amma ba ɓarawo ne ya ɗauke ta ba, ƙanensa ne na ciki ɗaya ya kai wa mahaucin ya sayar a ɓoye. Ka ji a kan abin da aka kashe ka.

Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, Mama tana wanki a tsakar gida, sai muka ji sallamar Baffa Arɗo. Ya shigo da tabonsa a goshi, wani ramammen mutum yana biye da shi. Ban buƙaci a faɗa mini ko wane ne ba. Baffa ya ce mutumin zai je ya miƙa kansa ga hukuma, amma ya dage sai ya fara zuwa gaban matarka. Sale ya zube a ƙasa kusa da bahon wanki, bai iya ɗaga kai ba, ya ce, “Mama, ni ne na yi ihun. Ba na barci. Ku yi mini duk abin da kuka ga dama.”

Mama ba ta kai ga buɗe baki ba Yakubu ya faɗo gidan, hannunsa duk baƙin mai. Ashe wani ya gan su a bakin layi ya buga masa waya.

Ƙafa ya fara sa wa Sale a fuska. Na ga haƙori ya faɗa cikin ruwan wanki. Ya cakumi wuyan rigarsa ya buga shi da bango, ya sake bugawa, jini ya fantsama a kan fararen kayan da Mama ta shanya. Baffa ya riƙo shi, ya watsar da tsohon gefe guda. Sale kuwa ko hannu bai ɗaga ba. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki, kuma ba zan ɓoye maka ba, daɗi nake ji. Duk bugu ɗaya sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. A raina cewa nake, ƙara masa.

Sai ya sake shi ya nufi bayan gida. Mama ta gane kafin ni. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna daɓas a cikin ruwan sabulu tana kiran sunan Yesu. Ya fito da addar tana walƙiya, idonsa ya rufe, ba ya ganin kowa. Na kalli Mama, sai na ga matar da za ta ƙare rayuwarta tsakanin kabarinka da ƙofar gidan yari.

Ban yi tunani ba, Baba. Na dai tsinci kaina a tsakaninsu, hannuna a sama. Addar ta sauka a ƙasa da gwiwar hannuna ta dama. Ban ji zafi ba da farko, sai wani sanyi, sai na ga farin ƙashi, sannan jini ya ɓalle.

Yakubu ya tsaya yana kallon hannun. Addar ta suɓuce masa. Ya buɗe baki ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakin namiji ba, ya durƙusa ya cire rigarsa yana ɗaure mini, yana ta cewa, “Yaya, Yaya, kalle ni, kada ki rufe ido.” Kukan da bai yi maka ba, a kan hannuna ya yi shi.

Ya sungume ni ya sa a Keken da ya zo da shi. Har ya tayar, sai Mama ta fito da jiƙaƙƙen zane, ta tsaya a gaban Keken ta nuna cikin gida inda Sale yake kwance cikin jini. Ta ce, “Koma ka ɗauko shi. Asibitin ɗaya ne.” Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauka ya koma. A kafaɗa ya ɗauko shi, ya zaunar da shi kusa da ni, Baffa ya tallafe masa kai. Jininsa da nawa suka haɗu a ƙasan Keke har muka isa.

An ɗinke ni. Likita ya ce hannun ba zai koma kamar da ba. Sale ya rayu, daga gadon asibiti ya wuce hannun hukuma kamar yadda ya yi niyya. Mutane suna ta zuwa duba ni suna cewa na gado ka, na yi halin Kirista na gaske, har wata ta ce a sa ni in ba da shaida a coci. Kada ka yarda da su. Ba don Sale na shiga ba. Ban yafe masa ba, ban yafe wa mai dutsen ba, ban yafe wa mai tayar ba. Ƙanena na je cetowa, shi kaɗai.

Abin da na zo faɗa maka ke nan, Babana. Ɗanka bai kashe kowa ba. Yana nan tsakar gida yanzu haka, ya hana Mama taɓa ruwa, shi yake wanke mana kaya, bai iya ba, sai ɓarnar sabulu yake yi. Jiya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Na yi kewarka ƙwarai, har warin fatunka na yi kewa.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, inda ba mai ɗaga maka hannu. Ya ƙara wa Mama kwana, ya saka wa Baffa Arɗo da mai ƙosan nan da alheri, ya riƙe Yakubu kada ya sake shi. Ni kuma ya ji tausayina, domin har yanzu in na rufe ido ina ganin addar ta sauka inda aka nufa da ita, kuma raina ba ya ɓaci. Ya Ubangiji, ka cire mini wannan, ni na kasa. Amin.

'Yarka mai taurin kai,
Rifkatu