Na tsawaita hannun rigar 'yan wasanmu, ƙanena ya hura mana fenareti

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a gidanmu. Ni tela ne, kuma ba yabon kai ba, a layinmu in ana maganar ɗinki to wurina aka zo. Damuwata ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tashi a hannuna tun bayan rasuwar mahaifinmu. Rigar makarantarsa ta farko ni na ɗinka, da ragowar yadi, ina ɗinki yana zaune a ƙasa yana tsince mini allura. Yau shi ne malamin motsa jiki a wata makaranta. Ya je wani ɗan kwas na alƙalancin wasa, aka rataya masa usur a wuya, shi ke nan ya fara tafiya kamar da shi aka rubuta dokar ƙwallo.

Bari in faro miki daga tushe. Jikin shagona akwai shagon mai aski, yana da talabijin, a nan muke kallon wasa. In kin ji musun da ake tafkawa a wurin kan taɓa ƙwallo da hannu sai kin toshe kunne. Mai askin kansa ya bar kan mutum rabi a aske ya tsaya yana nuna yadda ake tsalle. Mai gyaran waya kuwa gani yake duk ilimin duniya na cikin aljihunsa, alhali ko inda kafaɗa ta ƙare bai sani ba. Ga mahauci, shi hujjarsa ɗaya ce, ƙarfin murya. Mutanen da in an jefa musu ƙwallo sai sun kauce, su ne ke yanke wa alƙalan duniya hukunci.

Wata rana masu sharhi a talabijin suka nuna hoton ɗan wasa, suka ce daga kafaɗa zuwa inda hannun riga ya tsaya, in ƙwallo ta taɓa nan ba laifi. Da kunnena na ji. Duk shagon ba wanda ya gane nauyin maganar sai ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina auna kafaɗun mutane. Wa ke yanke inda hannun riga zai tsaya? Tela. Na riƙe abin a raina.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan shagunan layinmu ta kai wasan ƙarshe a gasar unguwa, za ta kara da 'yan gareji, waɗanda suka daɗe suna raina mu. Ni aka ba ɗinkin rigunan wasa. Na zauna na fitar da aiki, kore da ratsin fari, na sako hannun kowace riga har gwiwar hannu, na 'yan baya ma na ɗan ƙara musu. Na tara su na yi musu bayani, na ce duk inda yadi ya rufe su tare ƙwallo da shi ba fargaba. Sun yi ta jinjina mini, har da masu cewa da ni ya kamata a ba horar da ƙungiyar.

Ranar wasa sai ga ƙanena da baƙaƙen kaya, shi aka turo alƙalanci. Na ce a raina madalla, ga wanda ya yi kwas, zai gane aikin masu tunani. Wasa ya kusa tashi ba ci, ɗan gareji ya sheƙo ƙwallo, mai tsaron bayanmu da muke kira Katanga ya buɗe hannu ya tare ta daidai saman gwiwar hannunsa, a kan yadi, Gwaggo, a kan yadi tsaf. Sai na ji usur. Wai fenareti.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba, da tef ɗina a wuya. Na kama hannun Katanga na auna, na nuna wa kowa cewa tsakanin inda ƙwallo ta bar shaida da bakin yadi akwai saura. Yaron nan ko kallon tef ɗin bai yi ba. Ya dube ni a gaban jama'a, a gaban 'yan gareji masu baƙin mai a farce, ya ce, “Malam, fita daga fili.” Malam! Ni da na goya shi zuwa asibiti lokacin da ya karye a ƙwallon tsumma. Tun da ya fara magana bai taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya, ranar na zama Malam. Aka buga, aka ci mu, aka ɗauke kofi.

Tun daga ranar ban huta ba. Waɗanda suka jinjina mini su ne suka fara juya baya. Mai aski ya leƙo ya ce in ɗinka masa riga mai hannu har idon sawu, wai yana so ya zama gola ba safar hannu. Mai gyaran waya ya zo yana tura mini waya a fuska wai in karanta doka, na ce masa ya fara koyon mayar da murfin wayar mutane daidai. Katanga, wanda da ba don ni ba da tsohuwar singileti zai buga wasan, yanzu cewa yake ni na kai shi na baro. In na wuce gareji sai su miƙe hannuwa gaba ɗaya suna gaishe ni. Har matata na kama tana dariya har da hawaye a ɗakin girki, na tambaye ta, ta ce wai albasa ce.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Bikin ƙanen nan nawa ya matso. Bayan wasan, bayan duk abin da ya yi mini, sai ya kawo farin yadin kayan angoncinsa gidana ya ba matata, ya ce a ba Yaya. Kin ji ƙarfin hali? A fili ni Malam ne, da ɗinki ya tashi na koma Yaya. Ya zo shago ma ya tsaya a bakin ƙofa yana sallama, na taka keken ɗinki da ƙarfi na yi kamar ban ji ba, ya gaji ya tafi. Yadin dai na yanka, don awonsa a kaina yake, ba na buƙatar ganinsa. Na haɗa jikin rigar, na yi wuya, hannuwan ne na ajiye a kan tebur ban ɗora ba. Kullum na buɗe shago su nake fara gani, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin yana damuna.

Mahaifiyarmu ta tsufa, ba ta san fenareti ba, ba ta san kofi ba. Abin da ta sani shi ne 'ya'yanta biyu sun daina zama cin abinci tare a ɗakinta, ta kira ni tana kuka. Jiya kuma matata ta ce ta ji amarya na ba shi shawara ya sayi wani yadin ya kai wa telan tsallaken titi, mutumin da aljihu ma a karkace yake ɗora shi. In ƙanena ya shiga bikinsa da ɗinkin wani, ni kam na gama yawo a layin nan.

Shawara biyu ke raina. Ko in ce sai ya zo shagon mai aski, gaban waɗanda aka kunyata ni a idonsu, ya amsa cewa ya yi kuskure, sannan in ɗora hannuwan. Ko kuma in ɗinka masa hannun rigar ya tsaya daidai hammata, tunda wai a nan dokarsa ta tsaya, ya je ya zauna gaban surukansa a haka. Wanne kika ga ya fi?

Naki,
Tela mai gaskiya da aka zalunta

*

Tela, na karanta wasiƙarka, kuma ina tabbatar maka ba albasa ce ta sa matarka hawaye ba.

Mu fara da doka, tunda ita ka riƙe. Na tambayi wanda ya san aikin alƙalanci, ya ce iyakar a jikin mutum take, daidai ƙasan hammata. Masu sharhi sun kawo hannun riga ne don su sauƙaƙa wa mai kallo, kai kuma ka ɗauki misali ka mayar da shi sana'a. Da maganarka gaskiya ce, da manyan ƙungiyoyin duniya sun kori masu horarwa sun ɗebi teloli. Kai da ka cika mini takarda da raina mai aski da mahauci, su dai surutunsu a baki ya tsaya. Kai ne ka ɗauki almakashi ka yanka naka musun a jikin yadi, ka sa wa mutane suka shiga fili da shi. Katanga bai yi ƙarya ba, kai ka kai shi ka baro.

Sharaɗinka na farko ka manta da shi. Kana so mutum ya tsaya gaban jama'a ya ƙaryata hukuncin da ya yi daidai don yayansa ya samu ya ɗaga kai a shagon aski. In ya yi haka ya gama alƙalanci, kuma kai ma ba za ka ƙara ganin girmansa ba. Na biyun kuwa ko amsa bai cancanta ba. In ango ya fito da riga ba hannu, ba wanda zai tambayi wa ya hura usur, tambayar kowa wa ya yi ɗinkin.

Amma ba zan ce ba ka da abin jin zafi ba. Na lura ba kofin ne ya hana ka sukuni ba, kalmar Malam ce. Wanda ya tashi a hannunka ya kira ka kamar baƙo a bainar jama'a, dole abin ya yi ciwo, kuma da ya samu hanyar fitar da kai da ta fi wannan laushi da ya kyauta. Sai dai ka tsaya a inda ya tsaya. Yayansa ne ya ɗinka rigunan ɓangare ɗaya, yayansa ne ya faɗo fili da tef, 'yan gareji sun zuba ido su ga ko zai karkata. Da ya ce maka Yaya a lokacin, da cewa za a yi wasan gida aka shirya. Kai ka sa shi a wannan tsaka mai wuyar, ba shi ya sa ka ba.

Yanzu dubi abin da ka rubuta da hannunka ba ka gani ba. Bayan wasan ya kawo yadin. Garinku bai rasa teloli ba, ga ma na tsallaken titi, amma gidanka ya nufa, ya ce a ba Yaya. Ya biyo ka shago ya yi sallama, ka amsa masa da ƙarar keke. Ban haƙurin da kake nema a shagon aski tuni ya iso, yana kan teburinka ka yanka shi da almakashi. Kai ma da ka yi fushin gaske da ba ka tsaya yi masa wuya mai kyau ba.

Ga abin yi. Tsokanar layi ka bar ta ta mutu da kanta. In mai aski ya sake neman riga mai hannu har ƙasa, ka zaro tef ka ce ya tsaya a auna shi, ranar da ka yi dariya tare da su ranar abin zai fara gundurarsu. Ka ba Katanga haƙuri, ka rage hannun rigunan nan kafin wata gasar. Ka je ɗakin mahaifiyarku ka ci abinci, tsohuwa ba ta cancanci kuka a kan ƙwallon da ba ta kalla ba.

Ƙanenka kuwa, na ji ka ce awonsa a kanka yake. To ka manta shi. Ka aika masa yau cewa ya zo gwaji, wai kana shakkar faɗin ƙirji. Ba sai ka yi jawabi ba, na ga alama jawabinka ba ya ƙarewa da alheri. In ya shigo ya ce Yaya, ka ɗaga ƙafa daga keke ka amsa. Ka ce ya buɗe hannuwa, ka zagaya tef ta bayansa kamar yadda ka saba tun yana ɗan makaranta, in hannuwanka sun haɗu a bayan nasa, kada ka yi saurin saki.

Allah ya sanya alheri a bikin, ya ba mahaifiyarku lafiya, ya sa rigar ta zauna wa ango daidai.

Gwaggo